Zoben Mama a kan dutse

"Wa ya yar da kayansa a nan?" in ji Mama tana haki, da muka zaro akwatin roba daga ƙarƙashin wani dutse.

A 2007 ne, ta zo mana garin Greensboro na Amurka daga Damagaram. Abokan aikina suka shirya hawan dutse, wasan nan na neman ɓoyayyen akwati da GPS, mu kwana a bukkar katako can sama. Mama ta ce ƙafata ƙafarta.

Na ce, "Don baƙi aka ajiye, Mama. Ki ɗauki abu ɗaya, ki ajiye wani naki a madadinsa."

Ta ɗauki 'yar motar wasa, ta kwance bakin zane ta ciro goro. Na ce ba a sa abinci, saboda namun daji.

Sai ta zare zoben azurfar da ta gada wajen kakata, ta saka cikin akwatin.

"Haba Mama, motar roba ce fa!"

"Wanda bai san ni ba ya hawo har nan ya ajiye mini tsaraba. In mayar masa da kwano ba komai?"

Mama ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Yau na buɗe jakarta, ga motar nannaɗe cikin kallabi.

Ku fa, me kuka tarar a kayan iyayenku?