Neman Ɓera Daga Garwa Zuwa Kuseri

Laraba: Garwa zuwa Maruwa

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gida, ladanin unguwarmu bai ko gyara murya ba. Jaka a kafaɗar hagu, hannun dama kuwa na rungume shi a ƙirji kamar jinjiri. Matata Hadiza ta rako ni zaure tana jan kunne: in har tafiya ta kai ni Kuseri, in gaishe da kawunta Alhaji Gambo, kuma kada in kuskura in yi masa irin cinikin da nake yi wa 'yan kasuwa. Na ce na ji. Ɗan kilando ya ɗauke ni a babur zuwa ajans, wato tashar mota, can na yi sallar asuba.

Bari in faɗi abin da ya fitar da dattijo mai shekara hamsin da biyu da sassafe haka. Sana'ata buga takardu. Shekara ashirin da shida ina da tebur a wata baranda kusa da kotu: takardar neman aiki, ƙorafi, yarjejeniyar haya, duk ni ne. Da tafireta na fara, ko ɗan yatsa bai taɓa yi mini ciwo ba. Da zamani ya zo na koma kwamfuta, da ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, wanda Faransawa suka raɗa wa ɓera, mu ma muka bi su. To, ɓeran nan ne ya gama da ni. Ciwo ya fara daga wuyan hannu, ya haura gwiwar hannu, ya yi masauki a kafaɗa. Loma ma sai na yi shawara kafin in kai baki.

Ga shi ranar Litinin ake buɗe karɓar takardun konkur, wato jarrabawar neman aikin gwamnati. Wata biyun nan su ne damina a wurinmu. In na rufe tebur, mutanena za su tsallaka titi zuwa shagon Madam Solanj mai kwamfuta uku da fanka, kuma wanda ya ɗanɗana fanka ba ya dawowa baranda.

Na je wurin mai gashin ƙashi ta asibiti, wata mace 'yar kudu. Ta ce ɓeran da nake amfani da shi yana kifa tafin hannu ƙasa, yana murɗe jijiya yini guda. In nemi irin mai tsayuwa, wanda ake riƙewa kamar ana musabaha, kuma ya cika mini tafi, kada ya yi ƙanƙanta. Sannan ta ce akwai maganin da ba ko sisi: in mayar da ɓera hannun hagu wata biyu, dama ta huta.

Nan muka raba gari. Ita ba ta sani ba, bahago aka haife ni. Ina ɗan shekara biyar kakata Iya Abu ta ɗaure mini hannun hagu a ƙugu da tsumma, ta ce bahago ba ya sa hannu a akushin gidanta. Wata huɗu ina kuka ina zubar da miya, har na koyi zama mutum. Yanzu da furfurata in zauna gaban alhazan da suka san ubana ina yi musu aiki da hagu? Na yi mata godiya na fito. Na karaɗe Garwa ban samu mai tsayuwar ba, aka ce in gwada Maruwa, garin jami'a.

An rubuta mota za ta tashi ƙarfe shida. Ta tashi bakwai da minti ashirin, bayan an ɗora mata buhunan gyaɗa da babur biyu da wani rago da ya fi mu samun wuri. Kuɗin mota jaka uku na sefa. Kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne, amma shinge huɗu muka tarar. A kowanne sai a sauko, a miƙa katin shaida, jandarma ya juya shi gaba da baya kamar yau ya fara ganin irinsa. A shingen Figil ɗaya ya ga yadda na riƙe hannu, ya tambaya ko harbi ne. Na ce ɓera ne. Ya dube ni, ya dubi abokinsa, ya miƙo mini katina.

Mun shiga Maruwa sha biyu da rabi.

Maruwa

Na ci shinkafa da miyar yakuwa a bakin babbar kasuwa, sannan na shiga layin masu kayan waya da kwamfuta. Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne gaisuwa. Duk shagon da ka leƙa sai an miƙo hannu, *jam na*, *jam na*, kuma mutanen Maruwa ba sa musabahar wasa, matsewa suke yi su girgiza. Kafin la'asar na yi musabaha goma sha tara, kowace ɗaya na ji ta har cikin haƙori. Na zo neman magani, ga shi ina ta rarraba hannun ana ƙarasa shi.

Shago bakwai na shiga. Wani ya fito mini da ɗan mitsitsi kamar sabulun otel, ya ce shi ne na manya. Wani ya kawo mai fitilu ja da kore, ya rantse hasken yana kashe ciwon jijiya. Na uku ya ce matsalata igiya ce, in sayi marar igiya, ciwon ta cikin wayar yake biyowa. Na tambaye shi inda ya yi karatun likita, ya ce ɗan uwansa yana jami'a. Duk ɓerayen nan kwance suke, ka ɗora hannu ka ji wuyan ya murɗe kamar da. Mutum ɗaya ne ya gane abin da nake nufi. Ya ce ya taɓa gani a Kuseri, cikin kayan da ake tsallakawa da su Njamena, a shagon wani Alhaji Gambo.

Wato surukina.

Abin kirki ɗaya da na samu a Maruwa wurin wani tsohon baduku ne. Ya auna wuyan hannuna da zare, ya ɗinka mini ɗan matashi na fatar akuya, ya cusa auduga, don in riƙa ɗora hannu. Bai yi mini wa'azin jijiya ba, bai yi alkawarin komai ba. Na kwana a wani oberj, ɗan masaukin baƙi, jaka huɗu, fankarsa tana juyawa ne don kunya kawai.

Alhamis: Maruwa zuwa Kuseri

Ƙarfe shida muka tashi a wata ƙaramar bas, direba wani Bafillace ne mai suna Hamadu. Zuwa Mora awa ɗaya da kwata, lafiya lau. Can muka tsaya jiran rakiyar sojoji saboda halin rashin tsaro da hanyar take ciki, sai tara da rabi aka ce a tafi. Na sayi ƙosai da shayi. A bangon mai shayin akwai hoton shugaban ƙasa, irin wanda yake rataye a ajin da na koyi tafireta. Ni na yi furfura, tafireta ta mutu, hoton ko tamoji bai yi ba.

Daga Mora zuwa Dabanga ba zan kira abin hanya ba, kada in shiga haƙƙin hanyoyi. Ramuka ne aka jera, aka ɗan yayyafa kwalta a tsakani don tarihi. Kowane rami sai ya bi ta kujera ya sauka a wuyan hannuna. Na tambayi Hamadu yaushe za a gyara.

Ya ce, "Malam, tun ina kwandasta aka aza harsashi. Sau uku na ga an yanka ƙyalle."

Wajen Waza mota ta yi tsit. Masu hira suka daina, wata tsohuwa a bayana ta ciro carbi. Nan na ji tsoro na gaske, kuma na ji haushin kaina: in wani abu ya faru, me za a ce wa 'ya'yana? Babanku ya tafi neman ɓera. Allah Ya rufa asiri muka wuce. Kilomita ɗari biyu da sittin, awa goma sha ɗaya. Mun isa Kuseri biyar na yamma, ƙafafuna ba su san ni ba.

Kuseri

Alhaji Gambo dattijo ne mai shekara saba'in da wani abu, jikan fataken Kano, yana ciniki da Hausa, ya yi faɗa da Larabci, ya cika takardar kwastan da Faransanci. Na cire takalmi tun daga bakin shago, na durƙusa.

"Barka da yamma, Baba Alhaji."

"A'a, mijin Hadiza! Lale, lale. Miƙo hannun mana."

Na miƙa. Wannan musabahar ita ce ta fi duka, don ya riƙe bai saki ba sai da ya tambayi lafiyar kowa a Garwa, har da waɗanda suka rasu.

Aka kai ni gida, aka kawo kisar, wata siririyar waina, da miyar kuɓewa da kifin kogin Logon, aka bi da shayi mai kauri. Gidan suruki ne, ba a faɗo buƙata daga zama. Sai washegari Juma'a da hantsi, bayan mun koma shago, na kewaya na kewaya na ce ana ta maganar wani irin ɓera mai tsayuwa. Fuskar Alhaji ta washe yadda ban taɓa gani ba. Ya tashi da kansa, ya shiga can ƙurya, na ji yana ture kwalaye. Ya fito da abu an riga an naɗe shi a jarida, an ɗaure da zare. Na kai hannu aljihu, ya haɗe rai.

"Kai ɗana ne. Ka ciro kuɗi a nan, ka zage ni."

Ni da na yi kwana biyu ina ɗora hannu a kan ɓerayen mutane ina kushewa, ga wanda na zo dominsa a cinyata, amma wa ya isa ya kwance kyautar suruki a gabansa ya ce bari in gwada? Na karɓa hannu bibbiyu, na yi godiya har sau uku, na tura shi can ƙasan jaka. Bayan masallaci ya sa aka ƙara mini busasshen kifi da dabino a kai, aka ɗinke bakin jakar da igiya saboda hanya. A raina na ce mai nema yana tare da samu.

Asabar da Lahadi: komawa gida

Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, sai dai ramukan sun koma ɗaya gefen. Na sake kwana Maruwa. Sau biyu na yi niyyar kwance jakar, na tuna warin kifi da wahalar ɗauri da hannu ɗaya, na fasa. Ƙarfe biyu da minti goma na ranar Lahadi na sauka Garwa.

Ko ruwa ban sha ba na ce Hadiza ta yanke igiya. Ta warware jaridar. Ga shi nan baƙi, a tsaye, kyakkyawa, daidai tafina. Na ɗora hannun dama. Babban yatsa ya rasa wurin zama, maɓallan suka koma bayan hannu. Na juya shi, na sake juyawa. Hadiza ta karɓa ta duba, ta kama hannuna na hagu ta ɗora a kai. Ya zauna ɗas, kamar don shi aka ƙera.

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa don ta yi dariyarta cikin mutunci. Ina jin ta.

Dole in buga waya in ce na iso. Na ce Baba Alhaji mun sauka lafiya, kaya ya yi kyau, Allah Ya saka.

Ya ce, "Madalla. In kana da abokai masu so, akwai sauran goma sha ɗaya. Shekara uku ke nan, ko tayawa ba wanda ya yi. Mutanen nan ba su san abu mai kyau ba."

Na ce gaskiya ne, Baba Alhaji.

Litinin

Ƙarfe bakwai na buɗe tebur, layi ya riga ni. Fankar Madam Solanj tana ta juyawa a tsallake. Na duba tsohon ɓera, na duba sabo, na duba layin. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Na ɗora dama a kan matashin baduku, na yi bismilla, na sa hagu.

Na ɗauka zan yi kwana uku ina lalube. Ko rabin awa ba a yi ba hannun ya kama gudu, ya fi dama sauri ko a zamanin ƙuruciyarta. Shekara arba'in da bakwai ina ajiye da shi sai ɗaukar buta da riƙe takalmi, ashe bai manta komai ba, bai kuma yi fushi ba. Na ji ƙwalla ta taho mini, na ce wa mai takarda hasken gilashin kwamfuta ne.

Wajen sha ɗaya Alhaji Buba, abokin marigayi mahaifina, ya zo da takardar jikansa. Ya zauna ya ƙura wa hannuna ido, ni kuma na ƙura wa kwamfuta. Wannan ne abin da na yi tafiyar kilomita kusan dubu don kada ya gani.

Ya ce, "Au, ashe ya dawo. Ai da ma mun ce wa Iya Abu ta ƙyale ka."

Ya karɓi takardarsa, na miƙa masa da dama, ya tafi abinsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Hamadu direba, da tsohon badukun Maruwa, da Baba Alhaji da ya rage kaya ɗaya daga ƙuryarsa. Mai gashin ƙashi kuwa har yau ban koma wurinta ba, in na hango ta sai in canza titi. Iya Abu, Allah Ya jiƙanki, Ya kai haske kabarinki. Na kwance tsumman.