Ƙirjin Umma

Ni ne ɗan farin Umma, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Yaron nan" take ce mini, har na yi gemu, har na fara koyar da Turanci a wata sakandare. Idan na shiga ɗakinta a gidanmu na Soron Ɗinki, mayafi take ja ta dubi ƙasa, ko da ruwa na kawo mata.

Wata safiya ta ce wa ƙanwata ƙirjinta na ciwo. Na ce ni zan kai ta asibiti, tunda ni ne mai boko a gidan, kuma a lokacin ji nake babu kamata a unguwar. Likitan da muka samu baƙo ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Wata nas ta ce in jira a waje, ita za ta yi tafinta. Na ƙi. Na tsaya a kan Umma ƙiƙam.

Likita ya tambayi inda ke ciwo. Umma ta ce, "Ƙirji," murya ƙasa-ƙasa. Na juya masa kalmar da Turanci yadda take a ƙamus. Ya tambaya ko tana tari, ta girgiza kai. Ya ɗora abin awo a bayanta ta saman riga, ya tura mu ɗaukar hoto. Huhu ya fito fes.

A cikin adaidaita sahu na dinga kaɗa mata hoton nan a fuska. Na ce, "Umma, kin gani? Babu komai. Na bar ɗalibaina saboda raki. Ku dai tsofaffi, in ba a kewaye ku ana sannu ba, ba kwa jin daɗi." Direban ma sai da ya waiwayo ya dube ni. Ita kuwa daga ranar ba ta ƙara ambatar ciwon ga kowa ba. Na ɗauka na warkar da ita ne, har ina ba abokaina labari muna dariya.

Aka ci azumi, aka yi sallah. Umma ta koma wanke kayanta da kanta, ta hana yara hawa jikinta. Turaren wuta ba ya mutuwa a ɗakinta, ni kuwa har tsiya nake mata wai ta zama amarya.

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce ta zo daga Yakasai ta jiyo warin da turaren ke rufewa. Ta tura ƙofa, ta sa Umma ta kwance zane. Da ta fito, a tsakar gida ta tare ni, gaban kowa.

"Malam mai Turanci, zo nan. Da ta ce ƙirji, me ka zata? So kake ta dubi ɗan farinta ta ce nono? Wanda ka tsotsa ne ya ruɓe, har ƙarƙashin hammata."

Duk macen da ke tsakar gidan nan ta san abin da ake nufi in babbar mace ta ce ƙirji a gaban namiji. Nas ɗin da na kora ma ta sani.

Muka koma asibiti, aka ce an makara. Da yamma na shiga ɗakinta na durƙusa, ina so in nemi gafara. Umma ta lalubi mayafi da hannun da ke iya ɗaguwa, ta rufe ƙirjinta. Ta ce wa Gwaggo da ke zaune kusa da ita, "Yaya, ki ce wa yaron nan ya tafi wajen ɗalibansa. Ai hoto ya nuna babu komai."