Gadin da Mutawakilu Ya Bar Mini

Shekara tara ke nan da aka fitar da gawar Mutawakilu daga gidanmu na unguwar Sakasaka a Tamale. Shi ne autana. Ni ban shiga aji ba ko na wuni ɗaya, saboda haka faɗa nake, Azara tana rubutawa. Ita ce matar da ya bari. Ta sake aure a unguwar Vittin, amma har gobe 'yata ce, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana.

Waɗanda suka san unguwarmu a wancan lokacin za su tuna shagon da ke jikin zaurenmu, wanda ake ce wa kafe. Kwamfutoci ne jere a kan benci, 'yan makaranta da masu neman aiki suna zuwa su biya su shiga intanet. Mutawakilu kuma yana ɗaukar hoton biki da suna, yana adana su a wata babbar na'ura da ke lungun shagon. Ni aikina famfo ne. Duk mutumin Tamale ya san ruwa ba kullum yake zuwa ba, ranar da ya zo kuwa sai an sami mai tsayawa a kansa, in ba haka ba mai ƙarfi ya cika jarka goma, tsohuwa ta koma da bokiti a bushe. Ni ce mai tsayawar, kuma ba a san ni da wasa ba.

Abin da ya fara haɗa ni faɗa da shi wani allo ne. Sauran kwamfutocin duk da launi da hotuna, shi nasa baƙi ƙirin, ba komai sai lambobi suna tsalle. Da safe in ya buɗe shago zai buga 'yar gajeruwar kalma, ya danna babban maɓalli, lambobin su fito, ya zauna yana kallonsu yana kurɓar koko. Na ce masa, ƙato da kai ka zauna kana kallon abin da ko fuska ba shi da ita? Ya yi dariya ya jawo mini kujera.

"Mma, wannan famfona ne," in ji shi. "Layin intanet ɗaya ne ya shigo shagon nan, kowa a ciki yake sha. Kowane jeri a nan kujera ɗaya ce. In kin ga lambar jeri ta yi tsawo, sanda ta miƙe a bayanta, mai kujerar ya kafa kai ke nan, ya hana kowa."

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ban san baƙi ba, amma na san lamba mai tsawo da gajera, na san sifili da yake kamar ƙwai. Kafin wata ya zagayo na iya ƙirga jerin daga sama, in san wace kujera ce. In Mutawakilu ya tafi ɗaukar hoto, ni ke zama. Da na ga sandar ta huɗu ta miƙe, sauran mutane suna tsaki shafinsu ya ƙi buɗewa, sai in tashi.

"Kai mai kujera ta huɗu, fim ɗin wa kake ja?"

"Mma, wallahi assignment ne."

"Assignment ɗin ne ya fi na kowa ƙishi? Rufe shi ko in rufe ka."

Har yau akwai manyan mutane a unguwar Kalpohin, da motocinsu da tumbinsu, in sun gan ni sai sun rusuna suna dariya, suna cewa Mma mai ganin har hanji. Ba hanjin kowa na gani ba. Allon ba ya nuna abin da mutum yake kallo, yawan abin da yake ja kawai yake nunawa. Mutawakilu ya sha gaya mini haka, don kada in ɗauki alhakin yaran mutane.

Yanzu kafe ya mutu, shagon ma mai ɗinki ce a ciki. Kowa da famfonsa a aljihu. Sai dai kullum ina jin kuka iri ɗaya a tsakar gida: na sayi data da safe, kafin azahar ta ƙare, ban san me ya shanye ta ba. Ina jin su ina tuna shi. Da yana nan, na san tsaki zai yi ya ce an ba mutane allo mai ado an ɓoye musu bakin tulun. Shi bai yarda da a ce masa abu na tafiya ba, sai ya ga yawan abin da ke shiga da wanda ke fita, a daidai lokacin da yake gudu. Ko zai so zamanin nan? Wayoyin zai so, na sani, yaro ne mai son sabon abu. Amma da ya nemi hanyar leƙa cikinsu.

Akwai ɓangaren allon da ban kula da shi ba, na hannun dama. Shi ba na layi ba ne, na faifan da ke cikin babbar na'urar ne, wato rumbun da ake zuba hotunan. Lamba biyu ce a wurin, ɗaya tana nuna abin da ake ɗiba daga faifai, ɗaya abin da ake zubawa. Ya so ya koya mini, na ce a'a, na yara ya ishe ni, tunda faifai ba ya satar layi ba ruwana da shi. Matambayi ba ya ɓata, ni kuwa a lokacin gani nake na gama sani.

A damunar da ya rasu, tsohon faifan ya fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali. Ya ce ciwon ajali ne ya kama shi, dole a kwashe abin da ke ciki kafin ya cika. Hotunan unguwa ne na shekaru, aure da suna da walimar sauka da dawowar alhazai, da yawansu babu su a ko'ina sai nan. A ciki har da bidiyon sunan 'yarsa Rahama, wadda a lokacin ko yaye ba a yi mata ba. Ya sayo sabon faifai ya haɗa, ya sa aikin kwashewa, ya ce zai ɗauki lokaci don tsohon ba ya son gaggawa. Ran nan da hantsi aka kira shi Kalpohin, wai layin wani ofis ya tsaya. Ya tura babur waje, ya dawo ya leƙo.

"Mma, yau dama za ki kalla. Kin ga suna tafiya tare, wannan na ɗiba, wannan na zubawa. Kada ki bari kowa ya taɓa mini na'urar nan sai na dawo. Kowa fa."

Na ce, "Ka taɓa ganin an taɓa abin da nake gadi?"

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Tipar yashi ce ta same shi a hanyar dawowa, wayar da ke aljihunsa ma ba a sami abin ɗauka ba. Kafin la'asar an yi masa sutura.

Ban san yadda zan gaya wa wanda bai binne ɗa ba abin da ya mai da ni shagon nan washegari. Gida cike da masu gaisuwa, ni kuwa na zame na buɗe ƙofa. Na'urar na nan tana aiki. Lambar zubawa ta zama ƙwai, ta tsaya cik. Amma lambar ɗiba tana motsi, ta ɗan ɗaga ta faɗi, ta ɗan ɗaga ta faɗi. Na ce a raina, aikinsa bai mutu ba. Abin da ya sa da hannunsa yana numfashi.

Fuseini abokinsa ne tun suna yara, tare suka koyi aikin. Da ya zo gaisuwa ya ji ƙas-ƙas ɗin daga zaure, ya shigo ya duba allon, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya durƙusa ya ce, "Mma, don Allah a kashe ta yanzu. Ta kai wurin da ya lalace, ta kasa wucewa, sai kartar wurin take. Duk motsin nan da kike gani, cin kanta take yi." Na ce masa mai ita ya ce kada kowa ya taɓa. Ya ce, "Mma, da yana nan da kansa zai kashe." Na ce, to ba ya nan, kuma bai ce ban da Fuseini ba. Na fitar da shi, na sa kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanena. Da aka ɗauke wuta ma sai da na sa aka tada janareta, masu zaman makoki suna kallona suna zaton baƙin ciki ya taɓa ni.

Sai bayan sadakar bakwai na buɗe masa, ranar da na ga lambobin biyu duk sun zama ƙwai, ƙarar ma ta daina. Na ɗauka aikin ne ya kammala. Ashe a allon nan, wanda ya gama da wanda ya mutu kamarsu ɗaya.

Fuseini ya duba sabon faifan. Mutawakilu ya tsara aikin ne ya fara da na mutane, namu na gida ya bar shi ƙarshe. Na mutane ya tsallake kusan duka. Namu ko ɗaya bai haye ba. An kai tsohon faifan har Kumasi, aka ce ba abin da za a iya.

Mutane sun yi ta ba ni baki. Fuseini da kansa ya ce wataƙila ko an kashe a ranar ba za a samu ba, Allah kaɗai ya sani. Ni kuma ban taɓa cewa na ci amana ba. An ba ni gadi na yi gadi, kuma ko yau aka ba ni amana haka zan riƙe ta. Abin da ke ci na shi ne kujerar nan da ya jawo mini sau nawa, yana cewa Mma zo ki ga na dama, ina cewa ruwa ya zo, ina da aiki. Tambaya ɗaya ce da zan yi: in ɗaya ta tsaya ɗaya na motsi fa? Da ya amsa mini a numfashi ɗaya. Da-na-sani ƙeya ce. Na iya kama mai laifi a allon, ban koyi gane mai ciwo ba, kuma ina zargin ba a allo kaɗai nake haka ba.

Fuseini yanzu babba ne a wani kamfani, yana kula da na'urorin da ya ce ko ganinsu bai taɓa yi ba, suna wata ƙasa. Ya zo mini da azumin bana, na ce ya buɗe kwamfutarsa in gani. Baƙin allon nan yana nan, lambobi na tsalle kamar dā. Na ce duk ci gaban nan ba a yi masa fenti ba? Ya ce masu aikin ba sa son fenti. Na sa ya zauna ya koya mini ɓangaren dama tun daga farko, ya koya mini, bai tambaye ni amfanin me zai yi mini ba. Allah ya yi masa albarka.

In na auna abin da ya rage na Mutawakilu, ba shi da yawa a hannunmu, yana da yawa a hannun mutane. Gidaje nawa a Sakasaka suka rataye hoton tsohonsu da ya rasu, daga faifan nan aka ciro. Shi yana bayan kyamara, ba ya cikin ko ɗaya. Rahama ta san fuskarsa daga hoton katin zaɓe, amma ta kai shekara goma ba ta san muryar ubanta ba, kuma ta sha tambayata ko irin ta wa ce.

Watan jiya wata mata 'yar unguwarmu da ke aure a Kalpohin ta aiko wa Azara bidiyon ranar da aka kai ta, wanda Mutawakilu ya ɗauka, ta ce mu saurara wajen tsakiya. Ana cikin kai amarya, sai ga wata tsohuwa ta shigo gaban kyamara ta ba da baya, tana yi wa yara tsawa su bar bakin famfo. Daga baya aka ji namiji yana dariya yana cewa, "Mma, matsa mana, kin tare mini amarya."

Rahama ta sa an maimaita mata har batirin wayar ya mutu. Da ta ɗago sai ta ce, "Kaka, ai ba ki matsa ba."

Ban matsa ba. Allah ya jiƙan Mutawakilu, ya sa ya huta.