Ƙafa ta Bakwai

Ba a daɗe da fitar Iya daga takaba ba hannun tabaraunta ya cire. Da zare ta ɗaure shi, kullum in ta sunkuya kan Alƙur'ani sai ya zamo mata kan hanci. Haka take zuwa da shi sharar jerin shagunan bakin titi, ba wanda ya kula sai Na Rediyo. Ran nan ta duƙa tana jawo ƙura daga ƙarƙashin teburinsa, ya ce, "Iya, kawo idon nan naki in gani." Ya zazzage wani gwangwanin madara cike da notuna, ya yi ta tonawa da yatsa har ya sami wani ɗan mitsitsi. Ya ɗaura, ya hura wa gilashin iska, ya goge da gefen rigarsa. Kafin ta haɗa godiya ya riga ya juya kan aikinsa. Shekara shida ke nan hannun bai ƙara motsi ba.

Sunan Na Rediyo ya kama shi tun yana saurayi, yana gyaran rediyo a kan benci. Daga nan ya koma talabijin, ya zo kwamfuta, duk shi ya koya wa kansa da matattun da mutane ke zubarwa. Amma suna ya ƙi tashi. Ƙanensa kuwa, wanda mahaifinsu ya rasu ya bar masa yana rarrafe, wanda ya goya, ya sa wa sukudireba a hannu tun bai iya riƙe fensir ba, ya kuma tura shi makarantar koyon sana'a, shi ya dawo da takarda aka sa ta a gilashi aka rataye a bango. Tun daga ranar kowa Injiniya yake ce masa.

Shago ɗaya, tebur biyu. Mutum zai shigo ya gaisa da Na Rediyo har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Injiniya fa?"

"Ga shi can, bai ɓata ba," in ji Na Rediyo. Sai ya ɗauki tsumma ya hau goge sukudirebar da ba ta da datti. Iya ta daɗe da gane gugar nan.

A wurin shara ta san aikinsu. Takan tsinci wasu 'yan gajerun abubuwa na tagulla masu zare a gindi, ta kai masa. Shi ya gaya mata ƙafafu ne. Koren allon nan da ake kira madabod, wanda komai na kwamfuta yake jone a jikinsa, ba ya son taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar, don haka a kan ƙafafun yake zama. Kowace ƙafa da raminta a jikin allon, inda noti zai shiga. "In aka bar ƙafa inda babu rami, Iya, bayan allon za ta dangwala. Ana ba shi wuta, sai dai ki ji ƙauri."

Shi ya sa ba ya gaggawa. Sai ya dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu tukuna, ya ƙirga ramuka, ya ƙirga ƙafafu, leɓensa na motsi kamar mai lazimi. Ya zaunar da allon a hankali, ya sa kowane noti sako-sako, sai duk sun shiga yake bin su yana ɗaurewa, wannan kusurwa, sannan ta can mai kallonta.

"Yaya, kafin ka gama ƙirgar nan an ƙera wata sabuwar kwamfutar," Injiniya yakan ce yana dariya.

"Kai kuma da sukudirebarka mai batir, wiii, wiii, kamar mai huda bango."

Wata safiya shugabar wata makaranta ta zo, direba na biye da ita rungume da kwamfuta. Na Rediyo na ganin akwatin ya miƙe, don shi ya haɗa ta da hannunsa shekara tara da suka wuce. Har ya ture kayan teburinsa gefe.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Malama, ta wuce shi. "Injiniya, rufa mini asiri. Sakamakon yara duka yana ciki, gobe iyaye za su zo karɓa."

Na Rediyo ya koma ya zauna. Ya ɗauki tsumma.

Injiniya ya duba ya ce madabod ne ya mutu, amma abin da aka adana yana nan lafiya. Akwai saura guda a shago irin wanda zai karɓi kayan cikinta, Malama ta dawo da la'asar a kunna a gabanta. Ya cire tsohon, ya ɗora sabon, yana waya da kafaɗa. Wiii, wiii. Iya na goge gilashin ƙofa, amma idonta na kan bakin Na Rediyo. Leɓen ya bi notunan har shida, sukudireba ta yi shiru. Leɓen bai tsaya ba, ya ƙara ɗaya.

An ɗauke wuta tun safe, ba halin gwadawa. Injiniya ya rufe akwatin, ya ɗauki jarka ya tafi neman man janareta.

Shago ya rage su biyu. Na Rediyo ya goge sukudireba, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Bakwai na ga ka ƙirga," in ji Iya a hankali.

"Ni na sa su, ya za a yi in manta? Tsohon allon rami bakwai gare shi, wannan shida. Ta bakwai tana can tsakiya, ƙarƙashinsa."

"To?"

"To me, Iya? Ni na rediyo ne. Ga mai takarda can a bango." Ya ajiye sukudirebar kan tebur. "Ni na haɗa mata abin nan, shekara tara ko tari bai yi ba. Yau ni ne Baba, sannu da aiki. Bari ta ji ƙauri sau ɗaya a gabansa. Sau ɗaya kawai, ya juyo ya ce, Yaya, me ya faru?"

Iya ba mai yawan magana ba ce. Ta matse tsummanta a bokiti, ta ce, "Injiniya ya ce wannan allon ne kaɗai ya rage a shago."

"Shi ne."

"Kuma gobe iyaye za su zo."

Aka kira azahar, ya ɗauki buta ya fita. Iya ta shimfiɗa ɗankwali a bayan kantar shagon ta yi tata sallar, ta daɗe a sujadar ƙarshe.

Da ya dawo bai dube ta ba. Ya tsaya kan kwamfutar, hannu a baya, kamar wanda ya zo dubiya. Can ya yi tsaki, ya jawo ta. Ya buɗe, ya dafa ƙarfen, ya kwance shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga allon. Ga ƙafa ta bakwai nan tana ƙyalli. Ya murɗe ta ya jefa aljihu. Ya ƙirga ramuka, ya ƙirga ƙafafu, ya mayar da allon, kusurwa da mai kallonta. Har wayoyin ya mayar yadda ƙanensa ya bar su a hargitse, ko da yake Iya ta ga hannunsa na ƙaiƙayin gyara su.

Da la'asar janareta ya tashi, Injiniya ya danna, kwamfuta ta kawo tas. Malama ta tafa hannu. "Kai, Injiniya, hannunka da albarka! Baba, Allah Ya ba ka ƙane."

"Ya ba ni," in ji Na Rediyo.

"Ka gani, Yaya? Ba ƙirga, ba lazimi," in ji Injiniya bayan ta tafi, yana fito da haƙora.

Hannun Na Rediyo ya shiga aljihu. Iya ta ga yatsunsa na juya abin ta cikin yadi, ta ga bakinsa ya buɗe. Sai ya tashi ya fita waje.

Daga baya ya same ta a bakin famfo tana wanke bokiti. Ya waiga, sannan ya miƙo mata 'yar ƙafar tagullar, duk ta yi ɗumi da gumin hannunsa.

"Iya, ki ajiye mini wannan a wurinki. In tana aljihuna, wallahi wata rana sai na fito da ita a gaban mutane. Ko na zo na ce ki ba ni, kada ki ba ni."