Ranar da Kakata Ta Ga Jirgin Nasara

Ba a daɗe da ba mu jiha ba aka dawo da ni aiki Gusau, na kama ɗaki a Tudun Wada. Bayan kaka na je Kekun Waje na ɗauko kakata don a duba mata ido. Muna fitowa daga asibiti ta ce ba za ta gida ba sai na kai ta ta ga jirgin Nasara.

A kan babur ta ba ni labarin, tana riƙe da rigata. Tana yarinya Turawa suka shimfiɗo dogo zuwa Gusau. Babanta na cikin waɗanda aka ɗiba aikin tilas, ita ke kai masa fura. Ta sha ganin Baturen da ke tsaye kansu, da gajeren wando, yana Hausa ta hanci. Ranar da jirgi ya fara isowa gari ya cika da kiɗa, amma yana yin kuka ta yar da ƙwarya ta faɗa cikin dawa. Daga nan aure ya kai ta ƙauye, ba ta taɓa ganin jirgin ba.

A tasha wani ma'aikaci ya ce jirgi ya yi wuya yanzu, sai dai ana sa ran na kaya daga Zariya, ko yau ko gobe. Kaka ta shimfiɗa mayafinta a inuwa ta zauna. Kafin la'asar labarinta ya zaga tasha. Masu rake da 'yan acaɓa suka kewaye ta, kowa na leƙen dogo.

Da muka ji kukansa daga nesa duk muka miƙe, har ni. Ta damƙe hannuna tana dariya. Da ya tsaya ta ce in matsa da ita. Ta shafa ƙarfen da zafinsa.

"Angona," ta ce da ni, "ashe wanga na ya cinye ƙarfin Baba. To, ba laihi, yana da kyau."

Direba ya ji, ya danna mata oda, jama'a suka ɗauki shewa.

Da na mayar da ita Kekun Waje ta shaida wa mata tsawon jirgin ya kai daga kasuwa zuwa gulbi. Aka kira ni shaida, na ce haka ne.