Shekarar da Na Ƙone Amyoyi Huɗu

Amya bakwai yayana ya bari a gonarmu ta hanyar Dutsi, ɗaure a kan ɗorawa da tsamiya. Bayan rasuwarsa ni na ci gaba da kula da su. Matata ta riga shi tafiya, 'ya'yana kuma duk suna Kano, don haka a gonar nake wuni.

Wata safiya da bazara na sauke amyar da ke kan tsamiya, sai wani wari ya bugi hancina, kamar na ruɓaɓɓiyar fata. Saƙar da 'ya'yan zuma ke ciki ta yi duhu, murafen ramukan sun lotsa. Na sa tsinke a rami ɗaya na jawo, sai wani abu ruwan ƙasa ya biyo shi yana yauƙi.

Na aika wa malamin gona a Daura. Washegari ya zo a kan babur, ya duba duka bakwai ɗin.

"Baba, cuta ce mai ruɓar da 'ya'yan tun suna tsutsa," ya ce. "Huɗu sun kamu. Sai ƙonewa."

"Har da ƙudan?"

"Har da su. In ka bar su, za su kai wa sauran."

Ya ce wuƙata da bokitina ma in gasa su a wuta, kada kuma in ara wa kowa.

Ina da maƙwabcin gona, mutumin Sandamu, wanda muka saba shan fura tare a inuwa. Da ya ji labari, sai ya sauke amyoyinsa ya loda a amalanke. Ban ga laifinsa ba. Daga kan iyaka ya ɗago mini hannu ya ce, "Allah ya mayar da alheri." Bai ƙaraso ba.

Ni kaɗai na haƙa ramin. Da sassafe, kafin ƙudan su fita, na toshe bakunan amyoyin da laka, na sauko da su ɗaya bayan ɗaya da igiya. Ta ƙarshen yayana ne ya saƙa ta da hannunsa, na gane ɗaurinsa. Na zuba kananzir na kunna. Ina jin kukansu daga ciki, can sai ya ɗauke. Na jira wutar ta mutu, na mayar da ƙasa.

Ukun da suka rage sun tsira, ko da yake na yi watanni gabana na faɗuwa duk lokacin da zan buɗe ɗaya. Da kaka na cire zuma kaɗan, fara tas. Na zauna a gindin ɗorawa na lasa, na rufe sauran na ɗaure a bayan keke.