Tambulan na Shida a Gidan Mista Donal

Mahasin ba ta taɓa kai giya bakinta ba, kuma in ka tambaye ta sai ta yi a'uziyya kafin ta ba ka amsa. Amma shekara biyu cur ta yi tana goge ƙurar kwalaben wiski a gidan Mista Donal da ke unguwar Ma'adi a Alƙahira, har ta fi sanin su a kan 'ya'yan maƙwabtanta.

Bahaushiyar Sudan ce, haifaffiyar Mai Wurno, inda kakanninta suka yada zango a hanyar Makka suka manta da tashi. A Omdurman ta yi aure, mijin ya rasu, ta riƙe kanta da sayar da shayi a bakin kasuwa. Da yaƙi ya ci garin ta shigo Masar da jaka ɗaya. A cikin jakar akwai 'yar kwalbar bakhur, turaren wutan da mahaifiyarta ta haɗa da hannunta: sandal, da ƙaron mistika, da wasu abubuwan da tsohuwar ta tafi kabari ba ta faɗa wa kowa ba. Mahasin ba ta ƙona shi sai kewa ta kai mata wuya, duk da haka saura ɗan guntu a gindin kwalba.

Shi Mista Donal mutumin Ireland ne, malamin lissafi a wata makarantar 'ya'yan masu hali. Mutumin kirki, ba ya faɗa, ko ful, dafaffen waken Masar, ka ba shi kwana bakwai a jere zai ce shukran. Ciwonsa ɗaya ne, wiskin ƙasarsu. Da Larabcinsa mai ɗingishi ya sha yi mata bayani: wai wannan na sha'ir ne zalla, daga gidan dahuwa guda, an tace shi sau uku, ya kwana shekara goma sha takwas a gangar itace. Sai ya zuba ɗan ƙanƙani, ya juya tambulan, ya cusa dogon hancinsa ciki, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi, ya ce yana jin zuma da tuffa.

"To ga zuma a kicin, ga tuffa a firij," in ji Mahasin. "Ina ruwanka da wahala?"

Shi dai dariya kawai yake yi.

Sai ga mummunan labari: ƙarshen wata zai koma gida. In ba ta samu wani gidan aiki ba, sai ta tattara ta koma wurin ƙaninta Mu'tasim, inda mutum tara ke bin layin banɗaki ɗaya. Wallahi tsoro ta ji, irin wanda ba ta ji ba tun a kan iyaka. Mista Donal ya ce ta kwantar da hankalinta. Ranar Juma'a da la'asar zai tara abokai su buɗe kwalbar nan ta shekara goma sha takwas, kuma cikinsu akwai Madam Dalia, wata lauya daga unguwar Mohandessin da ke neman mai kula da gida.

"Ki wanke tambulan shida da ruwan zafi kawai," ya ce. "Ban da sabulu. Kada su ɗauki ƙamshin komai."

Ta ce tamam. A ranta kuwa ta ce Allah Ya sawwaƙe. Manyan baƙi, har da matar da za ta duba aikinta, a miƙa musu tambulan gayansa, ba sabulu ba turare? A garinsu ko kofin gahawa ba a miƙa wa baƙon kirki sai an kifa shi kan hayaƙi. Bature bai san mutunci ba, ita kuwa ba za ta bari a yi ban kwana da abin kunya ba.

Ranar Juma'ar ta hura garwashi a kasko, ta juye guntun bakhur ɗin nan kaf, na ƙarshe, ta kifa tambulan ɗaya bayan ɗaya har gilashin ya yi dishi-dishi. Ta buɗe taga, ta kore hayaƙin da tawul, ta jera su a faranti tana jin kanta.

Baƙi huɗu suka zo, ɗaya ya bugo waya ya ce ma'alish, ba zai samu zuwa ba. Aka zuba a biyar. Mahasin na laɓe a ƙofar kicin.

Wanda ya fara magana Injiniya Isam ne, wanda ya taɓa kwana huɗu a Dublin, tun daga nan ba a huta da shi ba. Ya juya tambulan, ya shaƙa, ya dafe ƙirji.

"Allah! Kun ji hayaƙin nan? Wannan ƙasar fadamar Ireland ce da suke ƙonawa. Na san ta, na taka ta da ƙafata!"

Sauran suka shiga gyaɗa kai. Wani ya ce yana jin iskar teku. Wani ya ce tsohon coci ne bayan ruwan sama. Kai, jama'a! Turaren wata tsohuwa a Mai Wurno, wadda ko Kartum sau biyu ta gani, shi ne ya zama teku da coci.

Mista Donal ya kai tambulan hancinsa. Wiskin garinsu ne, ya san ba shi da hayaƙi ko na ashana. Ya shaƙa sau biyu, wuyansa ya yi ja, ya taso ya nufo kicin. Kaskon na nan kan teburi, ko sanyi bai yi ba.

"Mahasin, me kika yi?"

"Na gyara maka tambulan, ya Mista."

"Shekara goma sha takwas!" in ji shi. "Shekara goma sha takwas yana jira a ganga, kin mai da shi shagon turare!"

Nan ranta ya ɓaci, ta manta da Mohandessin, ta manta da layin banɗaki.

"Naka in ka koma gida ka sayi wani. Nawa fa? Na uwata ne, shi ke nan ya ƙare, kuma a kan giyarka na ƙona shi. Khalas, kore ni!"

Sai a lokacin suka lura Madam Dalia na tsaye bayansa da tambulan a hannu, ba ta ko kurɓa ba. Mahasin ta sunkuyar da kai. Shi ke nan, aiki ya tafi.

"Mistika ce, ko?" in ji Dalia a hankali. "Kakata a Aswan haka take turara tulun ruwa. Tun da ta rasu ban sake jin wannan ƙamshin a abin sha ba." Ta share ido da bayan hannu, kwalli ya ɓata mata kunci. "Ki zo ranar Lahadi, ya Hajja. Ki taho da turaren."

"Babu saura, ya Madam."

"To ki taho da hannun da ya iya."

Daga falo ana jiyo Injiniya Isam yana rantsuwa cewa ya ma gane sunan fadamar.

Da baƙi suka watse kafin magariba, Mista Donal ya ɗauko tambulan na shida, wanda ba a zuba komai a ciki ba, ya naɗe shi da jarida ya miƙa mata. Ta karɓa, ba ta gode ba.

A metiro, a taragon mata, aka ga wata dattijuwa da mayafi ta warware jarida, ta juya tambulan wanda babu komai a ciki, ta cusa hanci, ta lumshe ido. Wata yarinya ta zunguri ƙawarta suna ƙunshe dariya. Mahasin ba ta ma san suna yi ba. Har jirgin ya wuce tasharta tana jin ɗakin mahaifiyarta.